Baƙuwar Kurciya a Tsakar Gida

TAMBAYA

Ni tsohon malamin firamare ne, na ajiye aiki, ina zaune a Gashuwa. Tun da aka gama girbi wata kurciya take sauka a tsakar gidana, wajen da iyali suke sheƙar gero. Ba irin 'yar ƙaramar nan ba ce mai ɗige-ɗige a ƙirji da kowa ya sani. Wannan ta ɗan fi ta jiki, ta fi ta haske, kuma tana da baƙin layi a bayan wuya. Jikana ya ɗauke ta hoto ya saka a wata manhaja ta waya, manhajar ta ce wai kurciyar Turai ce. Ya kuma karanto mini cewa irinta ta cika Turai da Amurka cikin 'yan shekaru, har akwai mutanen da suke bin ta da littafi da alƙalami suna rubuta duk garin da ta ɓulla. To, don Allah, da gaske ne ta iso mana nan? Kuma me mutum zai ƙaru da shi in ya rubuta cewa ya ga kurciya?

Mai karatunku a kullum, daga Gashuwa, Jihar Yobe

AMSA

Allah ya ƙara lafiya, ya kuma raya mana wannan jika mai bin diddigi.

Mafi rinjayen zato, baƙuwarka ba daga Turai take ba. 'Yar gida ce, ko in ce 'yar dajin da ke bayan garinku. Amma kada a yi wa yaron dariya, domin ruɗanin da ya same ku ya taɓa samun masana a Amurka, suka yi shekaru suna kallon tsuntsuwa guda suna kiran ta da sunan wata. Kama da wane ba wane ba ne, sai dai a cikin dangin kurciya kamar tana da yawa ƙwarai.

Mu a baki, in mun ce kurciya, hasbiya, bardo, tantabara, kusan mun gama lissafi. A daji kuwa abin ya fi haka. Masu baƙin layi a bayan wuya kaɗai, akwai iri huɗu a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Akwai wata babba mai duhun jiki da jan ido, wadda ta fi son wuri mai laima da manyan itatuwa. Akwai mai tokar kai da rawayan ido zagaye da jar fata, ita kuma ba ta nisa da ruwa; in ka bi gaɓar kogin Yobe inda bagaruwa ta yi yawa, za ka ji kukanta mai kama da gunaguni. Akwai wata matsakaiciya mai jajan ƙirji, wadda ke maimaita kuka da sauri-sauri ba ji ba gani ko da rana ta take. Sai ta huɗun, wadda nake zargin ita ce ke cin geronka. Masana suna kiran ta Streptopelia roseogrisea. Launinta na rairayi ne, kanta da ƙirjinta sun ɗan ja ruwan hoda, cikinta fari. Mazauninta dajin ƙaya ne na Sahel, tun daga Muritaniya da Sanagal, ta Mali da Nijar da Chadi, har Sudan da kudu maso yammacin ƙasar Larabawa. Tana kuma motsi da yanayi: in damina ta sauka ta ƙara matsawa arewa, in rani ya kama ta gangaro kudu neman ruwa da tsaba. Ka ce bayan girbi ta fara zuwa. Lokacin ya dace da ita sarai.

Wadda manhajar ta ambata kuwa ita ce Streptopelia decaocto. 'Yan'uwan juna ne na kusa, kusancin da har sukan yi barbara su ƙyanƙyashe in an haɗa su. Manhajojin nan da hotuna ake koya musu, hotunan da aka ɗauka a Turai da Amurka kuwa sun ninka na Yobe ba adadi. In aka nuna musu kurciya mai haske da baƙin layi, musamman in ba a faɗa musu inda aka ɗauki hoton ba, wadda suka fi sani za su kawo.

Ga yadda za ka raba su da idonka. Jira ta hau waya ko reshe, ka kasance kana ƙarƙashinta, ka dubi gashin da ke tsakanin ƙafafunta da gindin bindi. A jikin ta Sahel wurin fari ne tas. A jikin waccan toka-toka ne, kuma baƙin da ke gindin bindinta yakan zarce ta gefen gashin ƙarshe, ya yi kamar an ja masa layi. Waccan ta fi girma, tana kai kimanin santimita 32 daga baki zuwa ƙarshen bindi, kuma dogayen gashin fiffikenta sun fi duhu. Sai dai girma da launi suna yaudarar ido, balle da hazon hunturu. Kunne ya fi aminci. Waccan kukanta gaɓa uku ne, na tsakiya ya fi tsawo: ku-kuu-ku, ku-kuu-ku, haka za ta yi ta yi har ta ishi mutum, in za ta sauka kuma ta saki wata tsawa mai kaushi ta hanci. Tamu kuwa takan buga ku guda, sannan ta mirgina sauran a maƙogwaro: ku, kurrr-uu. In ka ji mirginawar nan, magana ta ƙare.

Labarin da jikanka ya karanto gaskiya ne, kuma ya cancanci a ba da shi da kyau. Asalin wannan tsuntsuwa Asiya ne, yankin Indiya da maƙwabtanta. A farkon ƙarni na 20 iyakarta a Turai ita ce Turkiyya da ƙasashen Balkan, kuma ta daɗe a nan ba ta motsa ba. Wajen 1930 sai ta tashi. Ta shiga Hangari a farkon shekarun 1930, ta kai Jamus a tsakiyar shekarun 1940, kafin 1950 an gan ta a Holan da Denmak. A 1955 aka same ta ta yi sheƙa a lardin Norfolk na gabashin Ingila, a 1959 ta ƙetara Ailan, a farkon shekarun 1970 ta kai tsibiran Faro, can arewa cikin sanyin tekun Atlantika. Waɗanda suka auna tafiyar sun ce ta riƙa cin kimanin kilomita 45 a kowace shekara. Ba wanda ya ɗauke ta a keji ya kai ta. Da fiffikenta ta yi wannan tafiya. A Ingila da fari doka ta ba ta kariya ta musamman saboda ƙarancinta. Ba a yi shekara talatin ba sai ga sunanta cikin tsuntsayen da aka yarje wa manomi ya kashe in sun dame shi.

Abin mamaki, ba mai ƙaura ba ce. Ba ta zuwa da rani ta koma da damina. Manyan suna nan inda suka kafa, 'ya'yan ne ke watsewa. Ɗan shila ya yi gashi, sai ya tashi ya yi ɗaruruwan kilomita, sau da yawa ta arewa maso yamma, ya sauka a wani ƙauye da ba a taɓa ganin irinsa ba. In ya dace da mace, sai a kafa sabon gida, daga baya 'ya'yansu su cike gurbin da aka tsallake. Ga ta kuma da haihuwa. Ƙwai biyu kawai take yi, amma kwanci bai wuce kwana 14 zuwa 18 ba, 'ya'yan su tashi cikin mako uku, ta sake sabon zubi. Sau uku ko huɗu a shekara ba abin faɗa ba ne, wani lokaci har shida. Abin da ke ba dangin tantabara wannan dama shi ne uwa da uba duka suna fitar da wani farin abinci mai kauri daga maƙogwaro su ɗura wa 'ya'yansu, don haka ba sa jiran lokacin ƙwari kamar sauran tsuntsaye. In dai akwai tsaba, kowane wata na haihuwa ne.

Tsaba kuwa mutum ne ke zubar da ita. Wannan kurciya ba ta son ƙurmi, ba ta son tsakiyar babban birni. Wurinta ƙauye, unguwannin bayan gari, gidan kaji, ma'ajiyar hatsi, da lambunan da Turawa ke rataye abincin tsuntsaye. Me ya tayar da ita a 1930 ba a 1830 ba? A nan masana sun rabu. Wasu sun ce wani canji ne ya faru a halittar na bakin iyaka ya sa musu yawon nesa, wasu sun ce sauyin noma da yanayi ne ya buɗe mata hanya. Abin da ba a jayayya a kai shi ne duk inda ta je, bayan mutum ta bi.

Shigarta Amurka daban ne, kuma a nan ne labarin ya taɓo kurciyarka. A tsakiyar shekarun 1970 ɓarayi suka fasa wurin wani mai kiwon tsuntsaye a Nassau, babban birnin tsibiran Bahamas. Wasu kurciyoyin suka tsere, mai su ya saki ragowar. Duka ba su wuce hamsin ba. Daga nan suka ƙetara ruwa zuwa Fulorida. To, a Amurka an daɗe da sanin wata kurciyar keji mai haske da baƙin layi a wuya, wadda kan kuɓuce ta zauna a gari. Wannan ta kejin ba kowa ba ce illa jikanyar tamu ta Sahel, wadda mutane suka mayar ta gida tun ɗaruruwan shekaru. Farar nan da masu dabo ke fitarwa daga hula ma daga cikinsu take. Saboda haka da sababbin suka fara bayyana a kudancin Fulorida, masu kallon tsuntsaye suka ɗauka na kejin ne suka yi yawa, da dama ba su ma damu su rubuta ba. Sai a 1986 aka duba da kyau, aka saurari kuka, aka leƙa ƙarƙashin bindi, aka tabbatar wata ce daban. Kafin nan ta riga ta kafu. Shekarun farko na shigarta, waɗanda su ne masana suka fi so su sani, sun tafi babu cikakken rubutu. Cikin shekara ashirin da 'yan kai bayan haka ta ratsa ƙasar har gaɓar Kalifoniya, ta haura Kanada, an gan ta har Alaska. A jihar Texas yau maharbi na iya harbinta kowane lokaci ba ƙayyade adadi, tunda doka ba ta ɗauke ta 'yar ƙasa ba.

Ka ga su sun kira baƙuwa da sunan tamu, ku kuma waya ta kira tamu da sunan baƙuwa.

Ban ce ba za ta taɓa zuwa ba. Ta ƙetaro Afirka ta Arewa tun tuni: Maroko a tsakiyar shekarun 1980, Aljeriya da Tunisiya bayan haka, ta cika tsibiran Kanari, ta kai Kef Bade, tana gangarowa kudu ta garuruwan bakin teku. Ba ta cikin kurciyoyin da aka saba lissafawa a Nijeriya, kuma tsakaninmu da ita akwai Sahara. A ganina ko ta tsallako ba za ta sami fili a buɗe ba kamar yadda ta samu a ƙauyukan Jamus, domin kowace masussuka tamu da kowane bakin injin niƙa akwai masu shi: 'yar ƙaramar kurciya, hasbiya, tantabarun gida, da 'yan'uwanta masu layi a wuya. Amma tsuntsuwar da ta zauna a Faro ta kuma zauna a Fulorida ba a yi mata rantsuwa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farkon nauyi. Me ake ƙaruwa da shi?

Ganin tsuntsu guda a inda ba a saba ganinsa ba, shi kaɗai bai faɗi komai ba. Wataƙila iska ce ta ɓatar da shi, wataƙila daga kejin wani ya kuɓuce. A 1952 an ga waccan kurciyar ta Turai guda ɗaya a lardin Lincolnshire na Ingila, namiji, yana ta kuka. Masu tantance irin waɗannan rahotanni suka ƙi karɓarsa a matsayin na farko, saboda dillalan tsuntsaye sun riga sun fara shigo da irinsa suna sayarwa. Sai da aka ga sheƙa da 'ya'ya a Norfolk sannan aka yarda. Wani zai ce taurin kai ne. Ni ina ganin daidai suka yi, kuma daidai wanda ya rubuta na 1952 ɗin ya yi. Shi ya ajiye shaida, su suka ƙi gaggawar yanke hukunci, da shekaru suka tara shaidu sai hoton ya fito. Duk shekarun da na jero maka a sama, daga Hangari zuwa Faro, ba wata hukuma ce ta aika ma'aikata su bi kurciya ba. Masu sha'awar tsuntsaye ne irinka, kowa ya rubuta abin da ya gani a kan rufin maƙwabcinsa, da rana da wuri. Masanin tsuntsaye James Fisher ya tattara irin waɗannan rahotanni a 1953 ya zana yadda take tafiya, tun kafin ta yi sheƙa a ƙasarsa Ingila. A Amurka akwai ƙidayar tsuntsaye da ake yi kowace ƙarshen shekara tun 1900, sannan a 2002 aka buɗe eBird, inda kowa ke shigar da abin da ya gani ta intanet. Daga nan ake fitar da taswirar da ke nuna tafiyarta shekara bayan shekara.

Kuma da irin wannan rubutu ne ake gane kishiyar yaɗuwa, wato ƙarewa. Akwai wata kurciya mai zanen baƙi da fari a gefen wuya da bayanta mai kamar ɓawon kifi, wadda ke haihuwa a Turai ta zo ta yi rani a Sahel, daga Sanagal da Mali har yankinku na fadamun Haɗeja da Nguru. Ita ce ta cancanci a kira ta baƙuwa daga Turai. A Birtaniya yawanta ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun 1970, har Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautarta a 2021. Da ba a ƙirga ta lokacin da take da yawa ba, da ba wanda zai iya faɗin abin da aka rasa.

Akwai kuma hali na uku, wanda shi ya fi shafar mu. Wani lokaci tsuntsu bai matsa ko'ina ba, masu dubawa ne ba su je ba. Muna da wata kurciya mai duhu, kanta shuɗi-shuɗi, cikinta jaja, wadda a littattafai ake danganta ta da Adamawa. An daɗe ana rubuta cewa mazauninta tsaunukan Jos ne da na Adamawa zuwa Kamaru da gefen Chadi. Wajen 1990 sai aka gan ta a Gambiya da kudu maso gabashin Sanagal, nisan fiye da kilomita 2,000, kuma har yau ana ganin ta a bakin kogin Gambiya. Ni na fi karkata ga cewa tana can tun da daɗewa, masunta suna jin kukanta kullum, ba a dai tambaye su ba. Iyakar da ake zanawa a taswirar tsuntsayen Afirka ta Yamma, a wurare da yawa, iyakar inda mai littafi ya taka ce. Shi ya sa idon mutum ɗaya a Gashuwa ya fi idon mutum ɗari a Landan daraja a wannan fanni: can an riga an ƙirga komai.

An fara gyara wannan giɓi. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana zagayawa, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji, ya aika ta manhajar BirdLasser. Lura, duk tsuntsu aka ce, har da 'yar kurciyar da ka ce kowa ya sani, har da hankaka da buwa. Nan ne mutane ke kuskure, suna zaton baƙon kawai ake nema. Jerin da ya nuna an duba sosai ba a ga wata kurciya ba bana, shi ne zai ba ganinta baɗi ma'ana. Akwai matasan arewa da suka haɗa ƙungiya suna wannan aiki jiha-jiha, kuma yaro mai waya da son bincike irin jikanka shi suke nema.

Kafin nan, ga abin da zan so ku yi da wannan ta gidanka. Ku ware mata shafi a littafi: ranar da ta zo, ƙarfe nawa, ita kaɗai ko da abokiya, da ranar da ta daina zuwa. In ta ɓace da saukar damina ta dawo bayan girbi, ta ƙara tabbatar da kanta 'yar Sahel. Yaron ya daina ɗaukarta daga sama tana tsince. Ya jira ta hau waya ya ɗauko cikinta da ƙarƙashin bindi, ya kuma naɗi kukanta ko na daƙiƙa goma ne, da sassafe kafin gari ya ɗau hayaniya. Ka tambayi masu kiwon tantabara na unguwa ko wani ya yi ɓatan kurciyar keji, musamman in ka ga ba ta tsoron mutane ko akwai zobe a ƙafarta. In kuka ji gaɓa ukun nan kuma kuka ga toka a ƙarƙashin bindi, to kada ku tsaya a kan maganata; ku aika hoton da muryar ga mutanen Jos su duba. In kuma wani yaron unguwa ya riga ku da danƙo, a ci naman, amma a yanke bindin da fiffike ɗaya, a shanya a inuwa, a sa a ambulan, a rubuta rana da wuri a bayansa.